Ƙaura daga Blender 3.6 zuwa 4.2: abin da ya biyo ni da abin da sai da na koma na ɗauko

Minti goma na farko da na yi a cikin Blender 4.2, manhajar ƙera hoton 3D, neman LoopTools na yi da su, wani fulogin, wato ƙarin kayan aiki da ake maƙala wa manhajar. Kwalbar turare nake ƙerawa, na zaɓi layin da ya kewaye bakinta don in mayar da shi cikakkiyar da'ira, na danna dama kamar yadda yatsana ya saba, sai na ga sunan ba ya saman jerin. Na ce to, sabuwar siga ce, ban kunna shi ba tukuna. Na shiga Edit, na buɗe Preferences, na je Add-ons, na rubuta sunan a wurin bincike. Fayau. Na goge na sake rubutawa harafi bayan harafi, wai ko ni ne na yi kuskure. Nan ma babu. Sai a lokacin idona ya kai kan jerin kansa: wurin da a da sai ka gaji da gangarawa kafin ka ga ƙarshensa, yanzu duka-duka bai cika allo ɗaya ba.

Aikina hoton kaya ne. Kwalabe, kwalaye, kujeru, wani lokaci tambari mai juyawa na daƙiƙa biyar. Tun sigar 2.79 nake tare da Blender, don haka na ga guguwar 2.80 a 2019, lokacin da zaɓen abu ya koma dannan hagu, aka share layers guda 20 aka kawo collections, Lamp ya zama Light. Wancan karon kowa ya san an sauya gida, domin daga buɗewa fuskar manhajar ma ta bambanta. Wannan karon fuskar tana nan kusan yadda take, shi ya sa mutum ke sakin jiki. Ni kuma na zauna a kan 3.6 tun fitowarta a Yunin 2023, saboda tana cikin sigogin LTS da ake ci gaba da yi wa gyara har shekara biyu. Na bar 4.0 ta wuce a Nuwamban 2023, na bar 4.1 ta wuce a Maris 2024, sai da 4.2 ta fito a Yulin 2024, ita ma LTS, sannan na motsa. Ma'ana sauye-sauyen sigogi uku na haɗiye a loma ɗaya. Duk wanda ke bin LTS kawai, haka zai same shi, kuma shi nake rubuta wa wannan.

Abu na farko da zan yaba shi ne ba sai ka rushe tsohon gida ba kafin ka shiga sabo. Kowace siga tana ajiye saitunanta a folda mai lambarta, 3.6 daban, 4.2 daban, don haka duka biyun suna zaune a kwamfutata ba tare da ɗaya ta taka ɗaya ba. Da gangan na fara 4.2 da saiti sabo ful, ina son in ga yadda take a asalinta kafin in shigo da tarkacena.

To, ina fulogin ɗin suka tafi? Amsar tana nan a Preferences, layi ɗaya sama da Add-ons, wani sabon sashe mai suna Get Extensions. Yawancin fulogin da a da suke zuwa a cikin Blender, ko ka kunna su ko ba ka kunna ba, an fitar da su an kai su wani rumbu a intanet, extensions.blender.org. LoopTools na can, Bool Tool na can, 3D Print Toolbox, Cell Fracture, A.N.T. Landscape, Archimesh, duk can suke. Waɗanda aka bari a ciki 'yan kaɗan ne da ba a iya rayuwa babu su: Node Wrangler, Rigify, Pose Library, masu shigo da FBX da glTF da SVG, da Cycles, injin fitar da hoto, kansa. Wani kuma ba fitar da shi aka yi ba, narkar da shi aka yi cikin manhajar: Import Images as Planes ya daina zama fulogin, yanzu yana ƙarƙashin Add, Image, da sunan Mesh Plane. Wannan ma na ɗan yi yawo kafin in gano shi, domin tsohon sunan nake ta bugawa.

Da ka shiga Get Extensions karon farko ba za ka ga komai ba sai tambaya: ka yarda Blender ta shiga intanet? Saitin sunansa Allow Online Access, kuma a kashe yake zuwa. Na ga mutane suna ƙorafi a kan wannan matakin, ni kuwa shi ne abin da ya fi kwanta mini a rai a duk tsarin. Manhajar da ba ta leƙa waje sai ka ce ta leƙa, ta yi ƙaranci a zamanin nan. Na danna na yarda, jerin ya cika, na rubuta LoopTools, na danna Install, kafin in gyara zama ya shiga ya kunna kansa. Fulogin shida nake amfani da su daga cikin tsofaffin na ciki, na dawo da duka cikin ƙasa da rubu'in awa. Ga wanda kwamfutar aikinsa ba ta taɓa intanet, ana iya sauke kowanne a matsayin fayil ɗin zip daga wata na'urar, a kawo shi, a saka ta Install from Disk. Yana aiki, sai dai ɗaya bayan ɗaya ne, kuma sai ka san sunan abin da kake nema tukuna.

Nan ne kawai nake ganin an yi asara ta gaskiya. Tsohon dogon jerin nan makaranta ce ba tare da an yi niyya ba. Rabin fulogin da na sani yau, na san su ne don wata rana ina zaune ba aiki na gangara jerin ina kunna wannan ina kashe wancan. Sabon shiga na yau da bai kunna intanet ba, ba zai taɓa sanin akwai wani abu wai shi Bool Tool ba. Amma a ɗaya gefen ribar ta fi yawa. A da fulogin na ciki a ɗaure yake da manhajar, in yana da matsala sai ka jira siga ta gaba kafin gyaran ya iso ka, wata uku ko huɗu. Yanzu kowanne yana da nasa lambar siga, mai kula da shi zai iya sakin gyara yau, gobe ka ga alamar sabuntawa a ƙasan allo ka danna. Tun da na koma na riga na sabunta biyu ta wannan hanyar, ban sake sauke Blender ba.

Akwai kuma sauyin da mai amfani ba ya gani sai ya buɗe cikin zip ɗin. A da kowane fulogin yana gabatar da kansa ne da ɗan rubutu a saman fayil ɗinsa, wanda ake kira bl_info. Na sabon tsari yana zuwa da fayil daban, blender_manifest.toml, inda ake rubuta sunansa, sigarsa, mai kula da shi, lasisinsa, da mafi ƙarancin sigar Blender da yake aiki a kai. Kuma idan yana buƙatar taɓa fayilolinka, ko shiga intanet, ko kyamara, ko makirufo, a nan ake bayyanawa tare da dalili. Wannan ba katanga ba ce, sanarwa ce kawai, amma da babu gara ba daɗi. Fulogin na tsohon tsari ba a kore su ba: waɗanda na samo daga waje duk sun shiga ta Install from Disk kamar da.

Shiga daban, aiki daban. Ina da wani fulogin na yanka gefuna da sassaƙa ramuka da na daɗe da samu daga wani mai haɗawa shi kaɗai, wanda ya daina sabunta shi tun tuni. Ya shiga lafiya, maɓallansa suka fito, na danna na farko, sai jan rubutu ya cika mini ƙasan allo, ƙarshensa yana cewa Mesh ba shi da wani abu mai suna use_auto_smooth. A 3.6 akwai ɗan akwati a ƙarƙashin Normals mai suna Auto Smooth, ka yi masa alama, ka ba shi kusurwa, yawanci digiri 30, shi ke nan: duk gefen da ya fi haka kaifi ya tsaya da kaifinsa, sauran su yi sumul. A 4.1 aka cire akwatin, aikin ya koma modifier, wato matakin gyara da ake ɗora wa abu a jeri, mai suna Smooth by Angle. Tsofaffin fayiloli ba su da matsala, domin da ka buɗe su Blender ke saka musu modifier ɗin da kanta. Fulogin kuwa ba fayil ba ne, ba wanda zai gyara masa harshe. Na buɗe shi, na nemo kalmar, wuri huɗu ta fito, na kashe layukan huɗu, ya tashi. Yanzu bayan ya gama yanka sai in danna dama in zaɓi Shade Auto Smooth da hannuna. A 4.2 modifier ɗin yana maƙale ne a ƙarshen jeri, ko ka ƙara wasu ba sa shiga bayansa, wanda shi ne daidai.

Daga nan na fara gane fasalin ƙaurar gaba ɗaya. Kusan duk abin da ke cikin fayil ɗin blend, manhajar na fassara shi zuwa sabon tsari a lokacin buɗewa, kuma ta iya fassarar. Na buɗe tsofaffin ayyuka sun fi ashirin, fatar kayan, wato launi da sheƙin jikinsu, ta fito kusan yadda na bar ta, akwatin Musgrave da aka soke ya rikiɗe ya zama Noise Texture da kansa. Abin da ba ya biyo ka shi ne wanda ke zaune a wajen fayil: rubutun Python ɗinka, fulogin na waje, bidiyon koyarwa da ka ajiye, da abin da yatsunka suka haddace. Waɗannan duk da suna suke kiran abubuwa, sunayen kuma an taɓa su.

Inda na fi jin jiki ke nan, kuma laifina ne, domin komai yana rubuce a bayanin sakin 4.0 da ban karanta ba sai bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ina da ɗan rubutun Python, bai kai layi ɗari ba, da na haɗa shekara uku da suka wuce. Aikinsa ya karɓi jerin launuka, ya ƙirƙira wa kowanne fata ta roba mai ɗan sheƙi, ya shafa wa kwalba, ya fitar da hoto, ya wuce na gaba. Launi goma sha biyu, hoto goma sha biyu, ni kuma ina wani aikin. Na liƙa shi a 4.2 na danna, ko daƙiƙa ɗaya bai yi ba ya tsaya: key "Specular" not found.

Akwatin Principled BSDF, wanda kusan kowace fata ke farawa da shi, an sake masa gini a 4.0. Specular ya zama Specular IOR Level. Clearcoat ya zama Coat Weight, Clearcoat Roughness ya zama Coat Roughness. Transmission ya zama Transmission Weight, Subsurface ya zama Subsurface Weight, Sheen ya zama Sheen Weight, Emission ya zama Emission Color. Subsurface Color da Transmission Roughness kuwa an cire su ɗungurungum. Rubutuna yana taɓa uku daga ciki, don haka sau uku ya faɗi, sau uku na gyara. Wannan bai dame ni ba. Kuskuren da ya yi ihu ai mai sauƙi ne, ya faɗa maka layin, ya faɗa maka kalmar.

Bayan gyara na uku ya gudu har ƙarshe ba ko tari. Hoto goma sha biyu suka fito. Na buɗe na farko, launin daidai, hasken daidai, amma kwalbar ta yi wani dishi-dishi, kamar an goge ta da yashi. Farar fitilar da a da take fitowa a kafaɗarta da layi mai kaifi, yanzu ta baje ta zama gajimare. Na zargi injin fitar da hoto, na zargi sabon tsarin launi, na sauya fitila, na dawo da ita. Awa ɗaya da rabi ina zagaye. Sai da na buɗe akwatin fatar da idona na ga Roughness yana kan 0.5, alhali rubutuna 0.15 yake ba shi. Na koma layin, sai ga shi: a wannan wuri ɗaya, saboda ragwancin da na yi shekara uku baya, ban kira ma'aunin da sunansa ba, da lambarsa na kira shi. A 3.6 Roughness shi ne na 9 in an fara ƙirga daga sifili. A sabon gini an hau da shi sama, ya zama na 2. Lamba 9 tana nan, wani ma'auni ne daban ke zaune a kanta, ya karɓi 0.15 ɗina ya yi shiru, ba wanda ya ce uffan. Abin dariyar shi ne Roughness yana cikin waɗanda ba a sauya wa suna ba ko kaɗan. Da na rubuta sunan, da layin nan ne kaɗai ba zai buƙaci gyara ba.

Tun daga ranar na bi duk rubutuna na fitar da kowace lamba irin wannan. Na ƙara da wata 'yar dabara ga waɗanda nake son su yi aiki a sigogin biyu: rubutun ya duba bpy.app.version, in ta kai 4 ya ɗauki sababbin sunaye, in ba ta kai ba ya ɗauki tsofaffi, duk a wuri ɗaya a saman fayil. In an sake sauyi nan gaba, layi shida zan taɓa ba sittin ba.

Shin sababbin sunayen sun fi? Na yi ta juya tambayar, domin sauya suna kawai don a ce an sauya abin haushi ne. Amma a nan, ban da ɗaya, sun fi. Kalmar Weight da aka maƙala wa huɗun nan tana faɗa maka gaskiyar abin da ma'aunin yake yi: yawan wannan shimfiɗa a kan sauran, daga babu zuwa cikakke. Kuma an tattara kowane iyali a ƙarƙashin kansa, Coat da 'ya'yansa, Sheen da nasa, ana naɗe su a buɗe wanda ake so. Tsohon akwatin dogo ne kamar tsani, ma'auni sama da ashirin a jere, sabon kuwa in a naɗe yake abu shida kawai kake gani, kuma su ne shidan da kake taɓawa kullum. Wanda ban so ba shi ne Specular IOR Level. Na fahimci dalilin: yanzu IOR, ma'aunin yadda abu ke lanƙwasa haske, shi ne ke yanke ƙarfin sheƙi, wannan kuma ɗan ƙari ko ragi ne a kansa, 0.5 na nufin kada a taɓa. Sunan daidai yake a ilimance, amma ba ya zama a baki, kuma a fuskar akwatin IOR Level kawai ake rubutawa, a Python kuma sai ka haɗa da Specular. Ƙaramin abu ne, sai dai irinsa ne ke cin minti biyar.

Sauran sauye-sauyen Python ba zan tsaya a kansu ba. Shigo da OBJ ya tashi daga import_scene.obj ya koma wm.obj_import, sunan EEVEE, ɗaya injin fitar da hoton, a rubutu ya zama BLENDER_EEVEE_NEXT a 4.2, tsohuwar hanyar miƙa wa umarni mahalli an rufe ta sai temp_override. Duk masu ihu ne, ka gyara ka wuce. Masu haɗa ƙasusuwan motsi su ma layers ɗinsu 32 sun zama bone collections masu suna. Ba fagena ba ne, amma ban ga wanda zai yi kewar tuna cewa yatsu suna ɗigo na bakwai ba.

EEVEE kuwa ba sauya suna aka yi masa ba, sabo aka gina aka ba shi tsohon suna. Wanda ya saba buɗe saitin fitar da hoto ya yi alama uku a jere, Ambient Occlusion, Bloom, Screen Space Reflections, zai tarar ba ko ɗaya. Na farko da na uku sun narke cikin sashe guda mai suna Raytracing. A saitin fata kuma Blend Mode mai zaɓi huɗu ya koma Render Method mai zaɓi biyu, Dithered da Blended. Gilashi ya fi kyau nesa ba kusa ba, inuwa ta fi kama da ta Cycles, kuma iyakar fitilu ta tashi daga 128 zuwa 4096, duk da ni ban taɓa wuce takwas ba. Kwalbar da nake gani a allo yanzu ta fi kusa da wadda za ta fito a ƙarshe, wannan kaɗai ya rage mini gwaje-gwaje.

Bloom ne abin magana. Shi ne ɗan hasken da ke bazuwa kewaye da abu mai ƙyalli, wanda ke sa tambari ya zama kamar yana ci da wuta. A da alama ɗaya ce. Yanzu sai ka je compositor, wurin gyara hoto bayan ya fito, ka kunna akwatuna, ka saka Glare tsakanin hoto da mafita, ka zaɓi Bloom a cikinsa, sannan in kana son ganinsa kana aiki ka je saitin kallon allo ka mayar da Compositor kan Camera ko Always. Mataki biyar a madadin ɗaya, kuma tsofaffin tamburana sun buɗe ba hasken, sai da na saka musu da hannu. A makon farko na yi tsaki. Amma da na saba sai na ga abin da aka saya da wahalar: hasken yanzu ba na EEVEE kaɗai ba ne, akwatin nan ɗaya yana aiki ko da Cycles na fitar, kuma zan iya sa shi ya taɓa wani sashe na hoto ya bar wani. Na saka shi a fayil ɗin farawa a kashe, in ina so in danna M a kansa ya tashi. Ga ƙwararre an ci riba. Ga wanda ya fara jiya, an ɗan nisanta masa abin da ke sa aikinsa na farko ya burge shi.

Launi ma akwai magana. Tun 4.0 sabon fayil yana farawa ne da tsarin launi na AgX a madadin Filmic. AgX ya fi iya riƙe haske mai ƙarfi, ja mai ƙuna ba ya rikiɗewa ya koma ruwan lemo, amma yana ɗan kwantar da launi. Ga mai hoton yanayi wannan alheri ne. Ga ni da ake ba wa lambar launi a ce ita ake son gani, matsala ce tun zamanin Filmic. Sai ga 4.2 ta zo da zaɓi na daban, Khronos PBR Neutral, wanda aka yi shi musamman don launin kaya ya fito kusa da yadda aka saka shi. Na gwada shi a kan launuka goma sha biyun nan, na ɗora hotunan kusa da lambobin asali, ido ba mudu ba amma ya san kima: ban taɓa samun kusanci haka ba sai da na bi da gyara a wata manhajar. In da za a ce in faɗi dalili ɗaya da ya hana ni komawa 3.6, wannan ne, kuma ba ya cikin abubuwan da aka fi yayatawa.

Akwai yaron da nake koya wa aiki, wata biyar ke nan da farawarsa, kai tsaye a 4.2 ya buɗe ido. Rannan ya kira ni.

"Yaya, zo ka gani, nawa ya lalace ne? Mutumin nan ya danna Auto Smooth a nan, ni babu."

Na duba bidiyon da yake bi, na shekarar 2022 ne. Na ce masa daga yau kafin ya bi kowane darasi ya fara duba kusurwar dama ta ƙasa a cikin bidiyon, inda Blender ke rubuta lambar sigarta, in ya ga 3 ko 2 ya san wasu sunayen sun tashi. Na nuna masa F3, ya rubuta abin da yake nema manhajar ta nuna masa inda yake. Ya gwada, ya ce, "To ai wannan ya fi sauƙi." Shi bai taɓa sanin Clearcoat ba, don haka Coat Weight bai ba shi mamaki ba, kuma Get Extensions a wurinsa haka duniya take tun fil azal. Na lura duk ƙorafina na sunaye, ƙorafin mai tsohon hannu ne. Wahalarsa ɗaya ce, tarin darussan da aka yi kafin 2024, su kuma suna raguwa.

Ga wanda ke tambaya ko ya koma 4.2: in ba ka da rubutun Python kuma fulogin ɗinka na ciki ne, yammaci ɗaya ya ishe ka, ka koma. In kana da fulogin na waje da abincinka ya dogara a kai, ka fara duba ko mai shi ya fitar da sigar da ta dace da 4.2, domin Auto Smooth kaɗai ya kayar da da yawa. In kana tsakiyar aikin da aka sa maka rana, kada ka taɓa, musamman in EEVEE kake amfani da shi, don haskenka zai sauya ko da ba ka taɓa komai ba. Kuma kafin ka danna ajiyewa a kan tsohon fayil, yi masa kwafi. Sigar 3.6 tana iya buɗe abin da 4 ta ajiye, waɗanda suka girme ta ba lallai ba, kuma ko a 3.6 ɗin ba komai ne ke komawa yadda yake ba.

Ni dai har yanzu 3.6 tana kwamfutata. Akwai ayyuka biyu na tambari da masu su kan dawo lokaci-lokaci a sauya musu rubutu, kuma hasken da suka amince da shi na tsohon Bloom ne, don haka a can nake buɗe su, in gyara, in rufe. Duk wani sabon aiki a 4.2 yake farawa. Jiya na kama kaina ina neman Clearcoat a sabon akwatin, yatsana ya gangara ƙasa inda yake a da, sai da na yi daƙiƙa biyu kafin in tuna in buɗe Coat.